Kawu Takyo da Sunan Jikan Inna

Ranar da ƙanwata Cherilyn ta haihu a Faransa, saƙon ya shigo wayata ina tsaka da auna wa wata mata shinkafa a shagona. Hoton jariri ne, jawur kamar jatan lande da aka tsamo daga tukunya, a ƙarƙashinsa an rubuta Guillaume. Ta ƙara da cewa da zarar ya yi ƙwari za su kawo shi gida, tsibirinmu na Siquijor, a yi masa baftisma a cocinmu, ita da mijinta Luc, har da uwar mijin, wata Madam Odile.

Na bar matar da shinkafarta na ruga gida. Inna, mahaifiyarmu, ta karɓi wayar, ta sumbaci hoton, ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta ɗora tabarau ta dubi rubutun.

"Meding, wannan sunan yaron ne ko sunan maganin da aka ba uwar?"

"Sunansa ne, Inna."

"To, faɗa mu ji."

Kafin in gano yadda ake faɗarsa maƙwabta sun cika baranda. Mai sayar da kifi ta ce Gilyawme ne. Telan unguwa ya ce a'a, Guwi-la-ume. Maƙwabcinmu Baba Berting, wanda ke noman shinkafa da baunarsa ta huɗa mai suna Kondesa, ya ce Guillermo aka so rubutawa, yatsa ya zame.

Inna ta zauna jagwab. "Shi uban da sauƙi, Luk, kamar ka haɗiye loma. Amma wannan? Mata za ta ƙetaro teku ta zo gidana ta tarar ban iya kiran sunan jikana ba? Da wane ido zan kalle ta?"

Na ce, "Bari kawai in kira Cherilyn ta faɗa mana."

"Kul! Kada ki kuskura!"

Kawu Takyo ne, ƙanin Inna, ya tsayar da kekensa mai ƙafa uku a ƙofar gida ya diro. A jikin keken an rubuta Marseille da jan fenti, sunan wani birnin bakin teku a Faransa. A zamanin ƙuruciyarsa ya taɓa aikin feraye dankali a wani jirgin ruwa na ɗaukar kaya, kuma tun daga lokacin babu hirar da za a yi a garin nan, ko ta farashin kifi ce, da ba zai ja ta ya kai ta Marseille ba.

"Ki kira ta, mijin na gefe yana ji? Gobe duk Faransa ta san dangin matarsa 'yan ƙauye ne? Alhali ga ni da raina? Yaya, ba ni wayar nan."

Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya karkata kai, ya yi murmushin wanda ya gamu da tsohon aboki.

"Ah. Wannan sunan. Manyan mutane ke sa shi. Ni ma da namiji na haifa shi zan sa."

Matarsa Anti Soling, wadda ke zaune cikin keken da kwandon kabeji a cinya, ta ce, "Da ka haifi namijin ai Takyo Ƙarami ka ce."

"Soling, ana maganar ƙasashen waje."

"Ni ma ita nake yi. Jirgin da ya tsaya a Marseille ai kana kwance da gudawa. Ta taga ka hango garin."

"Tagar babba ce!"

Inna ba ta ji wannan ba, ko ta ƙi ji. Ta kama hannunsa. "Takyo, ka koya min, komai wahalar."

"Ba ke kaɗai ba, Yaya. Duk iyayen baftisma zan koya wa. Ranar da Fada zai tambayi sunan yaro, mu amsa da murya ɗaya, matar nan ta zaci tana tsakiyar Faris. Sharaɗina ɗaya ne. Ni zan riƙe babban kyandir a damar Fada."

Iyayen baftisma, wato waɗanda ke tsaya wa jariri a coci ranar, a gidanmu ba sa kasa talatin, amma babban kyandir ɗaya ne, kuma Inna ta riga ta fara tunanin ba Baba Berting. Ta dubi Baba Berting, ta dubi wayar, ta ce, "Na yarda."

Washegari da yamma aka buɗe makaranta a filin ƙwallon kwando. Kawu ya zo da baƙar hula shimfiɗaɗɗiya da ya ɗinka daga tsohon wando, da gyale a wuya, ana zafin da kare ma ya ƙi fita daga ƙarƙashin benci.

"Daga yau ba Kawu, ba Takyo. Mushe Takyo za ku ce, haka Faransawa ke kiran babban mutum. Darasi na farko, gaisuwa. Kyaftin ɗin jirginmu Bafaranshe ne, kuma duk safiya in ya gan ni a hanya sai ya ɗaga hannu ya ce, Degaj! Ni kaɗai yake wa wannan gaisuwar a duk jirgin. Ku ce Degaj."

"Degaj!"

"Da rusunawa."

Muka rusuna. "Degaj!"

"Madalla. Yanzu suna. Ku saurara da kyau. Mu nan da baki muke magana, shi ya sa ba mu ci gaba ba. Bafaranshe da hanci yake magana. Bakin na cin abinci ne kawai."

Ya buɗe jaka ya rarraba mana 'yan maƙalan nan da ake danne wanki da su a igiya. Anti Soling ta miƙe tsaye.

"Ashe kai ne! Tun safe nake tsince zannuwana a gonar mutane!"

"Zauna, Soling, ilimi ake."

Kowa ya maƙala ɗaya a hanci. Kawu ya maƙala biyu. Ya cika ƙirji da iska, ya lumshe ido, ya saki wata ƙara.

"Ngwiii-ngaaa-ummm!"

Mai sayar da kifi ta ce, cikin muryar toshe, "Mushe, sunan ke nan ko ƙudan zuma ne ya shige maka?"

"Sunan ke nan. Ku maimaita."

Muka maimaita. Wasu 'yan mata da ke jiran a ba su fili suka faɗi ƙasa don dariya. Inna ta juya ta harare su da maƙali a hanci, suka ƙara faɗuwa.

A darasi na biyu ya zo da kwalabe na ruwan tsamin kwakwa mai barkono, wanda muke tsoma soyayyen kifi a ciki.

"Yau za mu shiga maƙogwaro. Bafaranshe yana da wani harafi, R, wanda ba a faɗarsa, kurkure shi ake."

Tela ya ɗaga hannu. "Mushe, na duba sunan. Babu R a ciki."

"Ka gani? Abin da ke raba ɗan gari da baƙo ke nan. Ɓoye shi suke yi. Duk harafin da ka gani a rubuce, ba a faɗarsa. Wanda ba ka gani ba, shi ake faɗa."

"To don me suke rubutawa?"

"Don su gane 'yan leƙen asiri. Kurɓa."

Muka kurɓa, muka ɗaga kai sama, muka fara kurkura da hanci a toshe. Ban san wanda ya fara shaƙewa ba. Na dai san cikin ƙiftawar ido filin ya koma kamar asibitin masu tari. Tela na birgima, mai sayar da kifi na kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Inna ta yi wani atishawa mai ƙarfi, maƙalin ya yi gabas, haƙoranta na roba suka yi yamma. Karen da ke ƙarƙashin benci ya fito da gudu ya cafe su.

Kowa ya bi kare. Kare ya zagaya coci, ya ratsa kasuwa, ya shige ƙarƙashin wani kwalekwale da aka kife a bakin teku, ya kwanta yana kallonmu da haƙoran Inna a bakinsa, kamar yana mana murmushi. Sai da na ba shi kan kifi sukutum ya saki.

Inna ta wanke haƙoran da ruwan teku ta mayar, ta ce, "Takyo, ka tabbata haka Faransawa ke wahala a kan kowane suna?"

"Me ya sa kike ganin ba sa haihuwa da yawa?"

A hanyar komawa gida na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na rubuta sunan a waya na danna ta faɗa. Wata murya mai sanyi ta ce, "Giyom."

Na sake dannawa. "Giyom."

Na juya da gudu na same su a ƙofar gidan Inna. "Kawu, saurara!"

"Mushe."

"Mushe, saurara!"

Wayar ta ce, "Giyom."

Idon Inna ya yi haske. "Giyom? Wannan ai ko ba haƙora zan iya."

Kawu ya yi dariya har da dafa keke. "Wayyo 'yar Yaya. Ƙirga haruffan nan. Suna mai tsawon kwalekwale, a ce Giyom? Ina sauran suka tafi, kasuwa? Wannan Faransancin talakawa ne, na masu sauri su kama mota. Matar da ke cikin wayar nan ma daga jin muryarta ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba."

"Kawu, ba mace ba ce, na'ura ce."

"Ka ji! Na'ura za ki bi ki bar mutum mai jini a jika? Yaya, zaɓi ya rage naki. Ki gutsure sunan jikanki a gaban surukarki kamar mai rowa, ko ki ba shi cikakke."

Inna ba ta taɓa yarda a kira ta mai rowa ba. Ta ce, "Cikakke. Meding, kashe wannan matar."

Daga nan Kawu ya ce muryoyinmu ba sa haɗuwa don ba ma jin nasa sosai, sai ya ɗauko akwatin karaoke, wato na rera waƙa, na gidan mai unguwa, mai lasifika biyu, ya kafa a tsakiyar fili. Ya ƙure ƙarar, ya matse hanci, ya kafa baki a makirfo.

"Ngwirrr-ngaaa-ummm!"

Kwanon rufin fili ya yi rawa. Sai daga can cikin gonakin shinkafa wata murya mai kauri ta amsa.

"Ngaaa!"

Kawu ya ɗaga yatsa. "Kun ji? Wani can ya fi ku ƙoƙari. Waye wannan? Ya zo gaba."

Ta zo kuwa. Kondesa ce, baunar Baba Berting, da guntun igiya a wuya, da rabin shingen gidan tela rataye a ƙaho, taɓo na ɗiga daga jikinta. Ta ratsa tsakiyar ɗalibai, ta ture benci biyu, ta tsaya gaban Kawu tana kallonsa da wani irin ido da ban taɓa ganin Anti Soling ta kalle shi da shi ba. Sannan ta zaro harshe ta lashe shi tun daga haɓa har hula.

Baba Berting ya iso yana haki. "Takyo! Me ka ce mata? Ina tsaka da huɗa ta tsinke ta bar ni da garma a hannu!"

"Mushe Takyo. Kuma ban da laifi. Harshe mai daɗi ko dabba ta san shi."

"Kukan ɗan maraƙinta da ya mutu kake yi, sak!"

Anti Soling ta ce, "A'a, Berting, kukan namiji yake. Dubi yadda take kaɗa wutsiya. Allah ya sanya alheri, ni na huta."

Tun daga ranar duk sanda aka yi darasi sai Kondesa ta halarta. Aka ɗaure ta da igiya biyu, ta zo. Aka ɗaure ta a bishiyar ayaba, ta zo da bishiyar. Ta cinye gyalen Kawu, ta cinye wankin gida uku, ta kwana a ƙofar gidansa har ya rasa hanyar fitar da keke. Tela ya daina gaishe mu. Mai unguwa ya aiko a dawo masa da akwatinsa. Kawu ya ce hassada ce, haka aka yi wa duk wanda ya kawo wa mutanensa wayewa.

Ana gobe baftisma teku ya ɓaci, jirgin ruwan da ke zuwa tsibirinmu daga birnin Dumaguete bai taso ba. Su Cherilyn suka kwana can, sai da safe suka samu na farko, suka wuce coci kai tsaye daga tashar jirgi. Mu kuwa tun hantsi muna jere a ƙofar coci cikin fararen kaya, an yanka awaki, tukwanen taliya na jira a gida. Baba Berting ya rantse ya ɗaure Kondesa da igiyar anga, wadda ke riƙe jirgin ruwa, a gindin mangwaro. Kawu na gaba da sabon gyale da babban kyandir, ya hana kowa matsawa.

"Ba runguma, ba kuka, sai an yi gaisuwa. Yaya, ke ma."

Mota ta tsaya. Cherilyn ta fito da jariri a kafaɗa, Luc na biye da jakunkuna, sai wata 'yar tsohuwa siririya mai farin gashi da jar jaka, tana murmushi tana fifita da hula. Ta tako har bakin ƙofa.

Kawu ya ɗaga kyandir. Muka rusuna gaba ɗaya.

"Degaj!"

Murmushin Madam Odile ya ɗauke. Ta dubi bayanta, ta dubi gefe, ta ja da baya da sauri ta raɓe jikin bango ta ba mu hanya. Luc ya saki jaka ɗaya a kan ƙafarsa. Cherilyn ta zaro ido.

"Yaya Meding! Me kuka ce?"

"Gaisuwa ce. Kawu ya koya mana."

"Gaisuwar me! Cewa kuka yi ta kauce ta ba ku wuri!"

Anti Soling ta juya a hankali ta dubi mijinta. "Kowace safiya, ko? Kai kaɗai a duk jirgin."

"A teku ma'anarta daban," in ji Kawu.

Cherilyn ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ga Fada Anselmo ya leƙo yana nuna agogo, wai akwai ɗaurin aure bayanmu, masu auren har sun fara taruwa. Aka tura mu ciki. Inna ta samu ta taɓa ƙafar jaririn kawai, tana raɗa masa, "Yi haƙuri, yanzu zan kira ka."

Na yi ƙoƙarin kusantar Cherilyn in gargaɗe ta, Kawu ya tare ni da kyandir. Aka kewaye kwanon ruwan baftisma. Fada ya buɗe littafi, ya yi addu'a, ya dubi iyayen.

"Wane suna kuka ba yaron nan?"

Luc ya ja numfashi zai amsa. Kawu ya riga shi, ya buga ƙafa a ƙasa. Hannu talatin suka tashi suka matse hanci talatin.

"NGWIRRR-NGAAA-UMMM!"

Cocinmu na dutse ne, yana mayar da murya. Sunan ya bugi rufi ya dawo, ya bugi bango ya sake dawowa. Tattabarun da ke saman bagade suka watse. Jariri ya tsala ihu. Littafin Fada ya faɗi.

Fada ya ce, "Me?"

Kawu ya ce, "Bai ji ba. Da ƙarfi!"

Muka ƙara. Ni ma na ƙara, ban san dalili ba, hannuna ne ya tafi hanci da kansa.

"Ngaaa!"

Wannan ba daga cikinmu ya fito ba. Muka waiwaya. Kondesa ce tsaye a bakin ƙofa, igiyar anga na jan wani ƙaton reshen mangwaro a bayanta, furannin masu aure rataye a ƙahonta. Ta hango Kawu. Ta taho.

Ban taɓa sanin Fada Anselmo na iya tsalle ba sai ranar. Kafin ka ce me yana kan mumbari ya tattare riga. Luc ya rungume mata da ɗa ya haye benci. Tela ya shige ɗan ɗakin ikirarin zunubi ya ja labule. Kondesa ta bi tsakiyar coci a natse kamar amarya, reshen mangwaro na share benci dama da hagu. Da ta iso kwanon baftisma ta tsaya, ta sunsuna, ta shanye ruwan tas, sannan ta ɗaga kai ta nufi masoyinta.

Kawu ya yi ihu, "Berting! Kama dabbarka!"

"Yi mata Faransanci mana, Mushe! Ce mata Degaj!"

Kawu ya jefar da kyandir ya zura da gudu. Ya zagaya bagade, ta zagaya. Ya bi ta bayan mawaƙa, ta bi. Ya faɗa ɗakin ƙararrawa, ya ga ba ƙofar fita, ya daka tsalle ya kama igiyar ƙararrawa ya ɗare. Kondesa ta tsaya a ƙasa tana miƙa wuya tana lasar tafin ƙafarsa. Duk lasa ɗaya sai ya zabura, duk zabura sai ƙararrawa ta buga.

Ƙararrawarmu ba ta irin wannan bugu babu ƙaƙƙautawa sai in gobara ta tashi. Kasuwa ta watse. Masunta suka bar taru a ruwa. Masu aure, da amarya da ango da 'yan rakiya, suka ɗebo ruwa a duk abin da hannu ya kai. Garin gaba ɗaya ya kwararo cikin coci da bokitai ana ihun ina wutar take. Kyandir ɗin da Kawu ya yar yana ɗan hayaƙi a bakin ɗakin ƙararrawa. Mai unguwa ya nuna wajen.

"Can ne! Ku zuba!"

Suka zuba. Bokiti bayan bokiti, har da na ruwan wankin kifi. Kondesa ta lumshe ido don daɗi. Kawu ya sulmiyo daga igiya ya faɗo daidai kan bayanta, hula ta rufe masa ido, gyale ya manne a baki, ya rungume wuyanta don kada ya zame. Haka Baba Berting ya jawo su waje a gaban duk mutanen garin, yana tafe yana cewa, "A ba Mushe hanya. Degaj, jama'a, degaj."

A cikin wannan hargitsi sai muka ji wani sauti kamar tukunya na tafasa. Madam Odile ce zaune a ƙasa, ta jingina da benci, takalmi ɗaya ya fita, tana dariya har numfashinta na ɗaukewa. Ta yi ƙoƙarin tashi, ta hango wutsiyar Kondesa na fita ƙofa, ta sake zubewa. Inna kuwa tana tsaye kamar an dasa ta, hawaye na zuba. Ta ce da Cherilyn a hankali, "Na kunyata ki a gaban surukarki."

Cherilyn ta fassara. Madam Odile ta share ido, ta tashi da takalmi ɗaya, ta karɓi jaririn da ke ta tsala kuka ta ɗora shi a hannun Inna. Ta nuna shi da yatsa.

"Giyom."

Inna ta dube ta. "Shi ke nan?"

Cherilyn ta ce, "Shi ke nan, Inna."

"Ba hanci?"

"Ba hanci."

"Ba ruwan tsami?"

"Wane ruwan tsami?"

Inna ta sunkuya ta kai bakinta kunnen yaron. "Giyom," ta ce. "Giyom ɗina. Yomyom." Yaron ya ja ajiyar zuciya, ya kama yatsarta, ya yi shiru.

Madam Odile ta gwada, "Yomyom." Ta gyaɗa kai, ta sake faɗa. Har suka koma ban ƙara jin ta kira shi da wani suna ba.

Aka share coci, aka ɗebo sabon ruwa Fada ya sa masa albarka, masu aure suka ce mu fara, su ma suna so su ga ƙarshen abin. Da aka zo kan babban kyandir, Inna ta tsince shi daga ƙasa, ta goge da gefen zane, ta miƙa wa Baba Berting. Fada ya sake tambayar suna, wannan karon da hannu ɗaya riƙe da mumbari. Luc kaɗai ya amsa.

Kawu bai shigo ba, amma bai yi fashin cin abinci ba. Ya zo da busassun kaya, ya cika faranti da naman akuya, ya zauna kusa da Madam Odile ya sa Cherilyn ta fassara masa.

"Gaya mata ban ga laifinta ba. Ita 'yar tudu ce, nata Faransancin na tudu ne. Nawa na teku ne, iska ke buɗe shi."

Cherilyn ta ce, "Kawu, ba zan faɗa ba."

"To gaya mata in tana so in gyara mata nata kafin ta koma, ina da lokaci da yamma."

Anti Soling ta tura masa cinyar kaza a baki.

Bayan baƙi sun koma aka gane ɓarnar ba ta ƙare a coci ba. Kondesa ta ƙi aiki. Baba Berting ya yi lallashi, ya yi tsawa, ya ba ta rake, ta kwanta cikin taɓo ta juya masa baya. Ga lokacin dashe ya matso. Aka kai ƙara gaban mai unguwa, ya saurari kowa, ya yanke cewa wanda ya lalata dabba shi zai gyara ta.

Don haka yanzu, in ka bi hanyar gonaki da sassafe, za ka ga Baba Berting riƙe da garma, Kondesa na ja da ƙarfinta, a gabanta kuma Kawu Takyo ne cikin taɓo har gwiwa, da baƙar hularsa, yana tafiya da baya da baya, hanci a matse, yana kiran sunan da ba na kowa ba. Kwanaki wani mai sayar da gishiri daga wani gari ya tsaya a kan kunya ya daɗe yana kallo, ya kasa haƙuri.

"Baba, lafiya? Me kake yi haka?"

Kawu ya saki hanci, ya gyara hula, ya dube shi sama da ƙasa.

"Faransanci nake koyarwa. Ɗaliba ɗaya ce ta rage min, amma ba ta taɓa makara ba."